Wa Ya Rubuta Wannan Layin? Yadda Sunan Mai Aiki Ke Ɓacewa Tsakanin SVN da Git

Idan matashi ya shekara uku yana rubuta manhaja a kamfani, rana ɗaya aka buɗe tarihin aikin aka tarar da sunan ogansa a kan layukan da shi ya rubuta da hannunsa, sata aka yi masa ko kuwa? Tambayar na yawo a bakin masu wannan sana'a daga Jos har Abuja, musamman yanzu da ƙananan kamfanoni ke kwashe tsofaffin ayyukansu daga SVN suna mayarwa Git, wato daga wani tsarin adana tarihin manhaja zuwa wani. Kusan duk wanda ya ji labari irin wannan, kafin a kai aya ya yanke hukunci: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ni ma haka na fara yankewa. Wani ƙanena da ke aiki a wani ƙaramin kamfani a Wuse ya zo gida Jos hutun ƙarshen mako, ko ruwa bai sha ba ya buɗe kwamfuta ya turo mini. "Yaya, duba nan. Sashen biyan kuɗin nan ni na gina shi tun daga tushe, har kwana na yi a ofis a kansa. Ga sunan da ya fito." Sunan shugaban sashensu ne, layi bayan layi. A tsofaffin ayyukan kuma inda sunansa ya tsira, imel ɗin da ke gefe wani dogon jerin haruffa da lambobi ne marar kan gado, wanda bai taɓa gani ba.

Muka zauna muka bi diddigi har bayan isha'i. Ba mu samu ɓarawo ba. Abin da muka samu gada ce da aka gina tsakanin tsari biyu, ba tare da wani ya zauna ya gaya mata wane ne wane ba.

Rumbu da zubi

Ba a rubuta manhaja a zama ɗaya. Mutum biyar, goma, wani lokaci dubbai, kowa na taɓa fayil guda, wannan ya ƙara wancan ya goge. Don kada aikin jiya ya salwanta, ana ajiye komai a wani rumbu da ke riƙe da kowane sauyi da aka taɓa yi. Duk sa'ad da mutum ya gama wani yanki ya shigar da shi rumbun, 'yan sana'ar kan ce ya yi kwamit. Ni zan kira shi zubi, irin na adashe, domin kamar ta yi: kowane zubi ana rubuta abin da aka zuba, da ranar, da mai zubin, da ɗan bayani.

Tsare-tsaren riƙe irin wannan rumbu suna da yawa, amma biyu ne suka shafe mu a nan. Subversion, wanda aka fi sani da SVN, kamfanin CollabNet ne ya fara shi a 2000, cikakkiyar sigarsa ta farko ta fito a 2004, yanzu kuma yana hannun gidauniyar Apache. Git kuwa Linus Torvalds ne ya rubuta shi a watan Afrilun 2005 don aikin Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, bayan an samu saɓani kan BitKeeper, tsarin rumbun da suke amfani da shi, kafin shekarar ta ƙare ya miƙa ragama ga Junio Hamano. Yau Git ya cinye kasuwa, har GitHub, shafin intanet da ake ajiye rumbunan Git, ya rufe ƙofar da ya daɗe yana bar wa masu SVN a ranar 8 ga Janairun 2024. Amma SVN bai mutu ba. Duk wanda ya taɓa saka filogin, wato ƙaramin ƙari, a rumbun WordPress, manhajar gina shafukan intanet, ya san da SVN ake shigarwa. A ofisoshi da dama kuma akwai wata tsohuwar saba, wato kwamfutar da ke riƙe da rumbun, a lungu da kowa ke tsoron kashewa, domin manhajar albashi ko ta rajistar ɗalibai a cikinta take kwance.

SVN tambaya ɗaya yake yi, Git biyu

A SVN rumbu ɗaya ne tal, a kan saba. Kafin ka zuba sai ka bayar da sunan shiga da kalmar sirri, kuma wannan sunan shigar shi kaɗai ake rubutawa a gefen zubin, a wani gurbi mai suna svn:author. Babu cikakken suna, babu imel. In sunan shigarka sani, to sani kawai tarihi ya sani. Zubin kuma lamba ake ba shi a jere, r1, r2, r3, har inda aka tsaya.

Ke nan tambayar SVN ita ce: wa ya sauke kayan a bakin ƙofa? Wanda ya saba da kasuwar Farin Gada ya san hannu nawa buhun dankali ke bi daga Bokkos ko Mangu kafin ya iso. Manomi ya noma, direba ya ɗauko, dillali ya karɓa. Idan littafin mai rumfa sunan wanda ya sauke buhu kaɗai yake ɗauka, bai rubuta ƙarya ba, sai dai manomin ba ya ciki.

Git gurbi biyu ya ware. Akwai marubuci, wato wanda ya yi aikin, akwai kuma mai shigarwa, wanda ya saka shi a tarihi. Kowannensu da sunansa, da imel ɗinsa, da lokacinsa har da bambancin agogon ƙasarsa. Dalilin yana cikin yadda ake aikin Linux: dubban mutane ne ke aiko da faci, wato gyaran da suka rubuta, ta imel, 'yan kaɗan ne ke da ikon karɓa su shigar. Wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai gane abin nan take, mai magana daban, mai ruwaya daban, kuma ba a haɗa su.

Sai dai akwai wani juyi da za mu dawo kansa. Ɗan bayanin da SVN ke riƙewa, saba ce ta tantance shi da kalmar sirri. Tarin bayanin da Git ke riƙewa kuwa, kai ne ka rubuta shi a kwamfutarka a gurbin user.name da user.email, kuma babu wanda ya tambaye ka shaida.

Abin da gada ke yi in ba a gaya mata komai ba

Gadar da aka fi amfani da ita ita ce git svn, wadda Eric Wong ya rubuta da yaren Perl. Aiki biyu ake sa ta. Wasu ƙaura suke yi, su kwashe tarihin gaba ɗaya su kulle tsohon gida. Wasu zirga-zirga suke yi: rumbun hukuma na nan a SVN, amma ma'aikata suna aikinsu da Git, kullum ana hayewa ana dawowa.

Idan gada za ta ɗauko zubi daga SVN, tana tarar da kalma ɗaya, alhali Git na jiran suna da imel. Ba za ta bar gurbin fayau ba, sai ta ƙirƙira. Ta ɗauki sunan shigar ta mai da shi suna, sannan ta haɗa shi da lambar shaidar rumbun, wata lamba mai gurbi 36, ta ce ga imel. Wannan shi ne jerin haruffan da ya tayar wa ƙanena hankali. Ba adireshi ba ne, ba a aika masa wasiƙa, kuma GitHub da ke haɗa zubi da mai shi ta hanyar imel ba zai taɓa gane na wane ne ba.

Maganin wani ɗan fayil ne na rubutu zalla, jadawalin sunaye, kowane layi mutum ɗaya:

wane = Wane Ɗan Wane <wane@example.com>

Hagu sunan shigar SVN, dama abin da kake so Git ya rubuta. Ana nuna wa gada fayil ɗin da --authors-file a lokacin ɗauko rumbun, ko a ajiye wurinsa a svn.authorsfile don ta riƙa tunawa. Jerin sunayen shigar kuwa daga svn log ake tace shi, kuma daga saman rumbun baki ɗaya, ba daga babban reshe, wato layin aikin da ake haɗa komai, kaɗai ba, domin akwai waɗanda duk zamansu a kamfani a wani ƙaramin reshe suka yi shi.

Da zarar ka ba ta jadawali, gada ta zama mai tsauri. Ta ci karo da sunan da ba ya ciki, sai ta tsaya cak. Kuma tun da zubi ɗaya-ɗaya take jawowa, babban rumbu na iya cin awoyi ko kwanaki. Ka bar janareto yana shan mai dare guda, da asuba ka tarar ta tsaya tun ƙarfe goma sha ɗaya saboda wani ɗan bautar ƙasa da ya yi wata shida ya tafi shekarun baya. Abin daɗin dai shi ne ba a komawa farko: ka ƙara layinsa, ka sake ba da umarnin, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Akwai kuma zubin da ba shi da suna sam, wanda gada ke kira da kalmomin no author cikin baka biyu, shi ma sai an ba shi layinsa a haka. Manyan ma'aikatu masu rajistar ma'aikata kan yi amfani da --authors-prog, wani ɗan shiri da gada za ta riƙa miƙa wa sunan da ba ta sani ba ya mayar mata da suna da imel.

Inda sunayenmu ke ƙara wa aikin nauyi

A nan ne aikin ya daina zama na kwamfuta ya koma na sanin mutane, kuma a nan ne na fi ganin ana ha'inci.

Ɗauki ofis ɗaya a Abuja. Za ka samu muhammad, mohammed, mohd da muhd a jerin sunayen shiga. Wataƙila mutum ɗaya ne da ya riƙa manta kalmar sirri ana buɗe masa sabon asusu. Wataƙila mutum huɗu ne. Abubakar ɗin da takardarsa ta sani, abokan aiki Garba ko Habu suke kiransa, kuma da wannan ya buɗe asusu. Usman ya shiga da shehu. Wata ta fara aiki da sunan mahaifinta, ta yi aure aka buɗe mata wani da sunan miji. Ga musa da Musa, waɗanda a idon gada mutum biyu ne saboda babban baƙi da ƙarami. Babu manhajar da za ta warware wannan. Sai an nemo wanda ya fi kowa daɗewa a ofishin, a zaunar da shi da jerin a gabansa, in ta kama a buga wa waɗanda suka bar aiki waya.

Ƙa'idar jadawalin ita ce: sunayen shiga da yawa na iya komawa kan mutum ɗaya, amma sunan shiga ɗaya ba ya rabuwa biyu. Wannan ya kawo mu ga babbar cutar ofisoshinmu, wato asusun admin da kowa ya san kalmar sirrinsa, wani lokaci ma a manne take a jikin allo. Duk abin da aka zuba da shi, jadawali ba zai iya raba shi ba. Wanda kuma ya ga admin ya ce ai oga ne, ya rubuta sunan oga a gefensa, ya ba mutum ɗaya aikin mutum shida da layi guda, tare da kurakuransu.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. Ɗanladi, Ƙasimu, Ɗahiru, duk Git na ɗaukar su lafiya lau muddin an adana jadawalin a tsarin adana haruffa na UTF-8. Matsalar ita ce tsohon PowerShell, wurin buga umarni na Windows, in ka juya sakamakon umarni cikin fayil, da UTF-16 yake rubutawa. Ka buɗe fayil ɗin ka ga suna ƙuru-ƙuru, gada kuma ta nace ba ta gan shi ba. Na ga wanda ya yi yini yana zagin gada a kan wannan. Wani ƙaramin abu kuma: Git na share wasu alamomi in suka zo a farkon suna ko ƙarshensa, har da ɗigon sama da muke sa wa 'y. Sunan da ya fara da 'Yar zai fito Yar. Wanda abin ya dama sai ya rubuta da harafin ƴ.

Lokaci ma na da tasa. SVN da agogon duniya na UTC yake ajiye lokaci, Najeriya kuma tana gaba da awa ɗaya. Zubin da aka yi ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare a Abuja zai fito a matsayin na jiya. Akwai --localtime mai gyara wannan, amma shi ma tun farko ake yanke shawararsa, saboda dalilin da zai zo.

Hanyar dawowa, inda sunan oga ya shigo

Duk abin da ya gabata na ɗaukowa ne daga SVN. Ciwon ƙanena a ɗaya hannun yake.

A kamfaninsu yara suna aiki da Git, su tura wa shugaban sashe, ya duba, sannan shi ya mayar da aikin SVN da umarnin git svn dcommit, domin shi kaɗai aka ba izinin zubi a babban reshe. Tsari ne mai kyau a fuska. Amma ka tuna SVN gurbi ɗaya gare shi, kuma wanda ya ba da kalmar sirri yake rubutawa. Zubin ya iso ƙofa da suna biyu, ɗaya ya shiga. Bayan haka gada ta sake ɗauko zubin daga SVN ta maye gurbin na asali da shi, yanzu da sunan oga a gurbin marubuci da na mai shigarwa duka, da kuma lokacin da oga ya tura, ba lokacin da aka kwana ana rubutawa ba. Jadawalin sunaye, komai kyansa, ba ya taɓa wannan. Aikinsa ya yi daidai: ya ga sunan shigar oga, ya rubuta cikakken sunan oga.

Masu gadar sun san da ramin, sun kuma ajiye katako biyu na tsallakawa. Na farko --add-author-from: lokacin turawa, in bayanin zubin ba shi da layin From: ko Signed-off-by:, sai gada ta ƙara layin From: da sunan marubucin na asali. Na biyu --use-log-author: lokacin ɗaukowa, sai ta duba bayanin, ta ɗauki wannan layin ta mai da shi marubuci, ta bar mai kalmar sirri a gurbin mai shigarwa. Ana iya kafa su dindindin da svn.addAuthorFrom da svn.useLogAuthor. Wato an rubuta sunan manomi a jikin buhun, tun da littafin mai rumfa ba shi da gurbinsa. Biyun tare suke tafiya. Ka kunna na farko kaɗai, sunan na cikin bayani amma git blame, umarnin da ke nuna mai kowane layi, ba zai nuna shi ba. Ka kunna na biyu kaɗai, babu abin da zai tarar. Ba kuwa a kunne suke zuwa ba, sai wanda ya sani ya kunna.

Dabarar tsohuwa ce. Masu WordPress, da har yau SVN ne gidansu, suna rubuta kalmar Props a ƙarshen bayanin zubi su jero sunayen waɗanda suka taimaka. Lokacin da GCC, manhajar da ke juya kod ya zama shirin kwamfuta, ya ƙaura daga SVN zuwa Git a Janairun 2020 da tarihin sama da shekara talatin, da manhajar reposurgeon ta Eric S. Raymond aka yi aikin, kuma daga fayilolin ChangeLog, wato jerin sauye-sauye, da suka saba rubutawa da hannu aka tono sunayen marubuta da dama. Sun samu abin tonowa ne domin sun binne shi tun farko.

Me ya sa ba a gyara kawai daga baya?

Domin a Git suna ba lakabi ba ne da aka manna a waje. Kowane zubi yana da lambar hatimi mai gurbi 40, wadda ake lissafowa daga abin da ke cikinsa duka: fayiloli, bayani, sunaye, imel, lokaci, da lambar zubin da ya gabace shi. Ka sauya harafi ɗaya a sunan marubucin wani zubi na shekara biyar baya, lambarsa ta sauya, ta wanda ke binsa ta sauya, haka har zuwa na yau. Kwafin da ke kwamfutar kowane ma'aikaci ya zama baƙo ga sabon tarihin.

Saboda haka ne ma mutum biyu da suka ɗauko rumbun SVN ɗaya da jadawali daban-daban, ko ɗaya ya sa --localtime ɗaya bai sa ba, za su wayi gari da tarihi biyu da Git bai ga dangantakarsu ba, ko da kowane layin kod iri ɗaya ne. Jadawali ɗaya ake yi, a ajiye shi inda kowa zai ɗauka, mutum ɗaya ya yi ɗaukowar farko saura su kwafa daga wurinsa.

In an riga an yi ɓarnar, mutane sun kasu. Akwai masu cewa a sake rubuta tarihin, gaskiya ta fi. Kayan aikin na nan, git filter-repo na Elijah Newren zai bi zubi ɗaya-ɗaya ya musanya sunaye. Farashin shi ne kowa ya jefar da kwafinsa ya ɗauki sabo, duk wata takarda ko rahoton matsala da ya ambaci tsohuwar lamba ya zama marar amfani, sa hannun lantarki da ke kan tsofaffin zubi ya faɗi, gadar da ke aiki kuma sai an sake ɗora ta.

Akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta, a sa fayil ɗin .mailmap a saman rumbun. Shi ba ya taɓa tarihi, fassara kawai yake yi a lokacin nunawa: in ka ga wancan imel, nuna wannan suna. git log da git shortlog da git blame duk suna bin sa. Iyakarsa biyu. Mutum yake fassarawa ba zubi ba, don haka ba zai iya cewa wannan zubin oga na yaro ne wancan na oga ne ba. Sannan korayen akwatunan nan na shafin GitHub, masu nuna yawan zubin mutum, imel ɗin da ke cikin zubin suke dubawa.

A gefen SVN kuma ana iya sauya svn:author kai tsaye, in mai kula da saba ya buɗe hanya ta pre-revprop-change. Amma wannan gurbin ba ya da tarihi, abin da ka goge ya tafi ke nan. Ni ban son a riƙa buɗe wannan ƙofa, domin wanda ya gyara gaskiya da ita yau, wani zai gyara ƙarya da ita gobe.

Ra'ayina: in ƙaura ce kuma ba a fara gini a kan sabon rumbun ba, a rushe a sake da jadawali mai kyau, kwana biyu ne. In an yi watanni ana aiki a kai, .mailmap da haƙuri. Akwai kashi na uku, masu cewa ai kod ɗin na kamfani ne, suna na mene ne. Waɗannan ba su taɓa tashi ƙarfe biyun dare suna neman wanda zai gaya musu dalilin wani layi ba. Umarnin da ke nuna mai kowane layi sunansa blame, wato zargi, kodayake a SVN ana iya kiransa praise, wato yabo, aiki ɗaya suke yi. Amfaninsa na yau da kullum ba ko ɗaya ba ne daga ciki, neman wanda za a tambaya ne.

Suna a tarihi da'awa ce, ba hujja ba

Wani kuskure da ke yawo kishiyar na masu raina suna ne: ɗaukar sunan da Git ya nuna a matsayin shaidar da ba ta da ja. Kowa na iya rubuta kowane suna da imel a kwamfutarsa. A ƙarshen Maris na 2021 wasu suka tura zubi biyu cikin rumbun PHP, wani yaren rubuta manhaja, ɗaya da sunan Rasmus Lerdorf wanda ya ƙirƙiro yaren, ɗaya da sunan Nikita Popov, a matsayin ƙaramin gyaran rubutu, alhali ƙofar baya ce ta kutse. An gano kafin ta isa hannun jama'a, kuma daga nan masu PHP suka bar sabar Git ta kansu suka koma GitHub.

In haka ta faru da manya, to jadawalin da wani ya rubuta cikin gaggawa ranar Juma'a da yamma ba abin da za a kori ma'aikaci a kansa ba ne. Abin da ke kusa da hujja shi ne sa hannun lantarki, na GPG ko na makullin SSH da Git ya fara karɓa a siga ta 2.34 a 2021. Shi ma ba ya haye gada, tun da dcommit sabon zubi yake ginawa. Bayan ƙaura, zaren da ya rage tsakanin tsohon gida da sabo shi ne layin git-svn-id da gada ke sa wa a ƙasan kowane bayani, mai ɗauke da lambar zubin na SVN. Wasu kan cire shi da --no-metadata don tarihi ya yi tsaf. In an cire, a tabbata an adana tsohon rumbun a wuri mai kyau.

Wa abin ya shafa?

Na farko matasa. Tun da aka ƙaddamar da 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na horar da matasa kan fasahar zamani, a 2023, ga kuma masu fitowa daga Jami'ar Jos da cibiyoyin fasaha irin su nHub da ke Jos, masu neman aikin manhaja sun yi yawa, kuma mai ɗaukar aiki daga Legas ko Turai shafin GitHub yakan fara dubawa. A cikin kamfani ma akwai shugabannin da ke ƙirga zubi lokacin ƙarin girma. Mummunan ma'auni ne, domin wanda ya goge layi dubu marasa amfani ya fi wanda ya ƙara dubu, amma tun da ana yi, gara a ƙirga wa mai shi.

Na biyu waɗanda suka bar aiki. Suna da imel bayanan mutum ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe su. Mai haɗa jadawali da ya ɗebo imel ɗin gida na tsofaffin ma'aikata daga wayarsa ya zuba, in rumbun ya fita fili wata rana, ya baza su inda ba a iya kwashewa. A tambayi mutum wanne yake so. GitHub ma na ba kowa wani imel na rufi da ke haɗa zubi da asusunsa ba tare da tona na gaskiyar ba.

Na uku wanda bai san ana yi ba: ma'aikacin da aka yanke wa albashi ba daidai ba, ko ɗalibar da sakamakonta ya sauya. Ran da mai bincike zai tambayi wa ya taɓa lissafin kuma yaushe, amsar daga wannan tarihin za ta fito. Sunan marubuci a zubi dai ba shi ke nuna mai haƙƙin mallakar manhaja ba, wannan doka da takardar ɗaukar aiki ke faɗa.

Ƙanena ya koma Abuja ranar Lahadi da abu ɗaya da bai san yana da shi ba: rassan aikinsa na asali suna nan a kwamfutarsa, da sunansa da ranakunsu, tun kafin su haye gada. Ya kai wa ogan nasa, wanda ashe bai taɓa lura ba, kuma kunya ta fi kama shi. Suka kunna katakon nan biyu, suka rubuta .mailmap don tsofaffin imel, zubin sashen biyan kuɗi kuma suka bi su da git notes, wanda ke liƙa bayani a gefen zubi ba tare da sauya lambarsa ba. Na ƙarƙashin admin kuwa har yanzu suna nan yadda suke, mutum uku kowa na cewa nasa ne, ban da guda ɗaya da ya taɓa tsayar da biyan kuɗi yini guda, wanda babu wanda ya tuna ya rubuta.